Gonar da Jamuna Ta Ci

Cikin jirgin haƙa, Tekun Bengal
6 ga Fabrairu

Zuwa ga yayana Bhaiya Sobhan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bhabi Momena da 'yan matanku biyu. Yaya ciwon bayan nan naka, har yanzu ɗaure shi kake yi da tsumma ka zauna a gaban masaƙa? Yaya Abba da tarinsa? Ni lafiyata lau, sai dai kwana ukun farko da kaina cikin bokiti na yi su. 'Yar bakin kogi, wadda ta iya tuƙa kwalekwale kafin ta iya karatu, sai ga ta tana amai a gaban Turawa da Japanawa. Kada ka gaya wa Bhabi, don na san har Idi ba za ta bar ni in huta ba.

Da hannu nake rubutawa, in ɗauki hoton takardar in turo maka a waya, tunda Abba ba ya yarda da maganar da bai ga tawada a jikinta ba.

Ka tambaye ni me ake yi a nan da har zan bar gida wata biyu. Ga shi a taƙaice. Jirgin yana tsaye wuri ɗaya, wajen kilomita dubu biyu kudu da bakin kogunanmu, kuma ƙarƙashinmu ruwa ne mai zurfin kilomita uku da rabi. Ana haɗa bututun ƙarfe ɗaya bisa ɗaya har su taɓa ƙasan teku, a haƙa, a jawo lakar cikin dogon bututun roba. Sai a yanka gunduwa-gunduwa, a tsaga kowace gunduwa a tsaye kamar yadda ake tsaga gora, a shimfiɗa mana a tebur. Aikina in duba in rubuta: nan yashi, nan rairayi, nan yumɓu, launinsa kaza. Daga shida na safe zuwa shida na yamma. Wani sa'in sai na ɗan sa lakar a haƙori. In ta yi garas-garas akwai rairayi, in ta yi sulɓi yumɓu ne. Ka ga inda doguwar makaranta ta kai ƙanwarka, cin ƙasa a gaban manyan mutane.

Duk lakar nan daga duwatsun Himalaya ta fito. Ruwa da ƙanƙara suna gugar dutsen, koguna su kwaso, su wuce da ita ta ƙofar gidanmu, su zubar a teku, ta bazu a ƙasan ruwa kamar buɗaɗɗen mafici. Ana so a san tun yaushe dutsen ke zaizayewa, kuma da wane sauri.

Amma Bhaiya, ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar da na je sallama a ƙauyenmu Nolkandi na auna da ƙafata: taku arba'in da ɗaya daga bakin gaɓa zuwa ɗakin Abba. Bara ɗari da goma na ƙirga. Kai ma ka san in damina ta shigo, kogin nan namu Jamuna ba ta shawara da kowa. Sau bakwai ke nan muna kwance kwanon gidan nan muna ja da baya, kuma ko sau ɗaya Abba bai yarda a cire ƙusa ba sai da tsaga ta bayyana a tsakar gida. A da yana da ƙarfin gudu da kwano a ka. Yanzu shekararsa saba'in da huɗu, kunne ɗaya ba ya ji, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu shi kaɗai ne a gidan. In gaɓa ta fara tsagewa, wa zai ji ƙarar?

Na roƙe shi ya koma wajenku Sirajganj. Sai ya ɗauko gwangwanin nan na takardun gona ya ɗora a cinya. Ya ce shekara ashirin da bakwai ke nan da kogi ya ci masa gona bigha shida, wajen eka biyu, doka kuwa ta ce in gona ta sake ɓullowa kafin shekara talatin ta mai takarda ce, don haka saura uku. In ta ɓullo ba ya kusa, wasu za su riga shi kafa bukka. Kullum da hantsi yana zaune a gaɓa yana auna wurin da ido, tsakanin giginyar tsallake da hasumiyar masallacin mutanen can. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi har na kai shekara bakwai shinkafar gonar nan nake ci. Na fito ina kuka, ban ko ɗauki yajin mangwaron da ya ɗaure mini ba.

Don Allah ka je ranar Juma'a ka sake gwadawa. Kai ne babba, kuma ba ka da saurin hawa irin nawa. Hankalina ba zai kwanta ba sai na ji ya bar bakin gaɓar nan kafin ruwa ya sauko.

Ka gaida Bhabi da yara. Ka taɓa ƙafar Abba a madadina, ka ce ina neman gafara.

Ƙanwarka,
Ferdousi

17 ga Fabrairu

Bhaiya Sobhan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da duk mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Ni ma lafiya, na saba da rawar jirgin, sai dai abincinsu. Shinkafa suke dafawa kamar ba sa son ta, ba yaji ba komai. Wallahi mafarkin kifin Bhabi nake yi.

Na ga saƙonka. Wato ka je, ka yi magana har bakinka ya bushe, Abba kuma ya tambaye ka farashin zare ya sallame ka. Ban yi mamaki ba. Taurin kan nan gado ne, ni ma ina da rabona.

Shekaranjiya muka shiga yashi. Kwana da kwanaki yumɓu muke gani, sai ga bututu ya fito da yashi toka-toka mai ƙyalƙyali. Bhaiya, ban bukaci na'urar ƙara girma ba. Yashin gaɓarmu ne, irin wanda ke manne mana a ƙafa yana walƙiya in mun fito wanka. A cikinsa har da guntun itace baƙi kamar tsawon ɗan yatsa, da zaren jikinsa da komai. Shugabar tebur ɗinmu tana ta murna tana kiran mutane su zo su gani, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Itacen wani daji ne, ko na wata gaɓa, ruwa ya ɗauko shi ya kawo shi nan, aka binne shi da laka mai kaurin mita ɗari biyu.

Akwai wani ɗan Nepal da muke aiki tare, sunansa Tilak Gurung, ƙarami ne a kaina, Didi yake kirana, wato yaya. Ƙauyensu yana rataye ne a jikin dutse. Shekara tara da suka wuce ƙasa ta zaftare da damina ta tafi da gonakin kawunsa da mutum goma sha ɗaya, ba a tono ko ɗaya ba. Da na ba shi labarin Abba, sai ya ce ai dutsen ubansa ne ya zama gonar ubana, don haka in ta ɓullo a raba da shi. Muka yi dariya, daga nan kowa ya koma kan aikinsa.

Tun lokacin nake tunani. Lallashi bai yi ba, faɗa bai yi ba. Abin da ya ɗaure Abba a gaɓar nan sa rai ne, to sai a kwance shi. Ga abin da nake so ka karanta masa, a hankali, ta wajen kunnen da ke ji:

"Abba, ina gaishe ku, ina neman albarkarku. Na ga inda ƙasar da Jamuna ke ci take zuwa, na taɓa ta da hannuna. Tana ƙarƙashin ruwan da zurfinsa ya kai daga gidanmu zuwa kasuwar Laraba. Wata ƙasar ta hau kanta, wata kuma ta hau kan waccan. Abin da ya zo nan bai taɓa komawa ba, ko ƙwaya ɗaya. Gonarku tana nan, Abba, ba za ta ɓullo ba. Ku bi Bhaiya."

Daga nan ka tsaya. Abin da ke ƙasa naka ne kai kaɗai.

Na faɗa wa Tilak abin da zan rubuta muna cin abincin rana, sai ya ajiye cokali. Ya ce na fi shi sanin cewa kashi ɗaya cikin uku ne kawai na lakar kogunanmu ke gangarowa zurfin teku, saura a fadama da bakin teku yake kwantawa. Ya ce yashin da ke kan tebur ɗinmu ya baro dutse tun kafin a haifi kakan kakan kowa, ba na shekara ashirin da bakwai ba ne. Kuma duk rani tsibiran yashi suna ɓullowa a Jamuna, ni da kaina na rubuta takarda a kansu. Na ce masa ubana ba kwamitin jarrabawa ba ne, tsoho ne a bakin rami. Tsibiri yana ɓullowa, gaskiya ne, amma a inda ya ga dama. Shekara ashirin da bakwai bai zo wurin Abba ba, sai cikin ukun da suka rage? Ya ce shi dai da shi ne ba zai rubuta ba. Na ce to Allah Ya sa ba shi ba ne.

Na san na cika gishiri. Gara ya yi fushi da ni a ɗakinka da ya ci gaba da sa rai a cikin kogi. Ka karanta masa, laifin a wuyana.

Gaisuwa ga Bhabi da yara.

Taka,
Ferdousi

28 ga Fabrairu

Bhaiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma gajiyar kwashe kaya ta bi lafiya. Ka yi wa Bhabi sannu da ɗawainiya, na san gyara ɗakin ajiyar zare ya zama wurin kwana ba ƙaramin aiki ba ne.

Sau uku na karanta saƙonka. Ka ce Abba ya sa ka maimaita masa, sannan ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido don ya tabbatar hannuna ne, ko da yake ba karatun zai yi ba. Ka ce tambaya ɗaya ya yi: "Ta ce ta taɓa da hannunta?" Ka ce e. Washegari bayan la'asar ya ɗauki gwangwanin takardun ya nufi gaɓa, ka ɗauka zaman da ya saba zai yi, sai ka ga ya jefa shi cikin ruwa. Ya dawo ya ce a kira mutane a kwance gida.

Ban ce ya jefar da takardu ba. Allah Shi ne shaida, ko a raina ban kawo haka ba. Na ɗauka zai tafi da su Sirajganj ya tura ƙarƙashin matashi kamar kullum.

Ka ce maƙwabta sun taru suna leƙa tsakar gida suna neman tsaga, da ba su gani ba sai suka fara tambaya ko lafiya. A Nolkandi ba a taɓa ganin wanda ya kwance gida ƙasa tana lafiya ba. Chacha Gofur, dattijon nan mai kwalekwale, har ya ce wa Abba ko ya yi mafarki ne, Abba ya ce a'a, 'yarsa ce ta je ta gano. Da na karanta wurin nan sai da na ajiye wayar na fita waje.

Amma maganar da ka rufe da ita ta ɓata mini rai. Wai na kashe mutum yana tsaye. Haba Bhaiya. Shekara nawa kana zuwa kana dawowa hannu biyu? Kai ka ga gaɓar nan, ka ga yadda ƙasanta ya rarake. Da ka fi so a kira ka wata safiya a ce ɗakin ya tafi da shi a ciki? Ni na ga abin da ruwa ke yi da abin da ya ɗauka, kullum yana zuwa mini a tebur. Kowa yana so a fitar da tsohon, ba wanda yake so ya zama mugu. To na zama, kuma ga shi yana ɗakinka, ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashinsa.

Zai ware. A ba shi mako biyu. Ku riƙa aikensa kasuwa, ya fi kowa iya zaɓen kifi. Yara su riƙa damunsa da tambaya. Ka kai shi masallacin unguwa ya samu tsofaffi irinsa, ai rabin mutanen layinku kogi ne ya koro su.

Nan aiki yana ta tafiya. Mun koma rami na huɗu. An ce lakar da muka taɓo jiya ta kai shekara miliyan takwas. Na rubuta lambar a takarda, ban ji komai ba.

Ka yi haƙuri da zafin bakina. Kai kaɗai gare ni da zan yi wa.

Ƙanwarka,
Ferdousi

14 ga Maris

Bhaiya Sobhan,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka gafarce ni, gaisuwar yau gajeruwa ce.

Tun makon jiya saƙonninka suke hana ni sakewa. Abba ba ya fita, ba ya cin fiye da loma uku, da hantsi sai ya ja kujera ya zauna yana fuskantar bangon masaƙa har azahar. Ina ta ce wa kaina sabo ne, zai wuce. Sai ga na yau.

Ka ce Chacha Gofur ya zo da kansa tun daga Nolkandi, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ruwa ya ja baya fiye da kowace shekara, yashi ya fito, kuma daidai tsakanin giginyar tsallake da hasumiya. Ya ce ya sauka daga kwalekwale ya taka da ƙafarsa, ya fi bigha ashirin, samansa har da baƙar laka mai kyau wadda za ta ɗauki gyaɗa bana ma.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mako uku, Bhaiya. Shekara ashirin da bakwai yana gadi, na tashe shi saura mako uku.

Na karanta a tsaye a bakin tebur. Tilak ya kawo mini kujera. Bai ce ai ya faɗa mini ba, da ma ya ce, da na samu wanda zan yi wa masifa. Karɓar alƙalamina kawai ya yi ya ƙarasa mini gunduwar da nake kai.

Yanzu ka saurare ni, ba lokacin kuka ba ne. Takardun sun tafi, amma ana iya neman kwafi a ofishin ƙasa, kuma dattawan Nolkandi duk sun san iyakar gonar. Sai dai dole Abba ya tsaya da kansa ya ce tasa ce, ya dangwala yatsa, don sunansa ne a rubuce ba naka ba. Kafin wannan ma, bukka. Ka san yadda abin yake, wanda ya fara kafa gora ya shuka wani abu shi ake gani. Chacha Gofur ya ce mutanen Montu, mai ƙwace sababbin tsibirai da ƙarfin sanda, sun riga sun zagaya wurin da kwalekwalen inji. Ka rufe masaƙa kwana biyu, ka ɗauki Abba da gora huɗu da kwano biyu ku je gobe. In ya taka yashin nan da ƙafarsa zai dawo mana.

Ga abin da za ka karanta masa kafin ku tashi:

"Abba, ni ce Ferdousi. Abin da na rubuta muku rannan ba daidai ba ne, kuma na san ba daidai ba ne lokacin da nake rubutawa. Tsoro ne ya sa ni. Ba duk ƙasa ke zuwa nan ba, da yawa tana kwantawa a kogi, kuma wurin gonarku bai tafi ko'ina ba. Ku kuka yi gaskiya. Gonar ta ɓullo, Chacha Gofur ya taka ta. Ku je ku karɓi abinku. Ku yafe mini."

Ka nuna masa hannuna ne. Ka karanta sau biyu, sau goma in ya so. Ka turo mini saƙo da zarar kun sauka a yashin, zan ajiye wayar a aljihu ko da an hana shiga da ita wurin aiki.

Allah Ya kai ku lafiya.

Ferdousi

25 ga Maris

Zuwa ga yayana Bhaiya Sobhan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Bhabi Momena da yara, da fatan kuna cikin kiyayewar Allah. Yaya bayanka bayan tafiyar kwalekwalen? Na gode da ka je, ko da ba tare da Abba ba. Ni jikina lafiya.

Kwana shida ke nan da saƙonka ya zo, ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Yau ma ban sani ba, amma jirgin ya kusa tashi, kuma ba na so mu haɗu ban rubuta ba.

Na fahimci duk abin da ka ce. Kun je kai da Chacha Gofur kun kafa gora huɗu, washegari kuka tarar an tumɓuke su an jefar, mutanen Montu sun kafa bukka uku sun watsa iri. Da ka yi magana suka tambaye ka ina mai gonar, in yana da rai ya zo ya nuna iyaka. Dattawa biyu sun ce za su yi shaida in Abba, Joynal Pramanik, ya tsaya da kansa, amma ba za su sa kansu a gaban sanduna don mutumin da yake zaune a birni ba. Ban ga laifinsu ba.

Abba kuwa ya ƙi tashi. Ka karanta masa takardata, ya duba hannun, ya saurara har ƙarshe. Chacha Gofur ya durƙusa ya rantse masa da Alƙur'ani cewa ya taka yashin, har ya kawo masa dunƙulen lakar a ƙunshe. Bai karɓa ba. Ka rubuto mini maganarsa yadda ya faɗa, kuma na gode da ba ka sassauta ba:

"Wannan ta wasu ce, tawa tana can ƙarƙashin jirginsu. Ferdousi ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ta farkon ita ce gaskiya, wannan ta biyun tausayina ta ji."

Bhaiya, na yi tunanin rubuta ta uku, na yayyaga takarda huɗu. Duk abin da zan ce yanzu tausayi zai kira shi. In na rantse, zai ce yarinyar kirki, har rantsuwa take yi don ubanta ya ci abinci. Na ɗauka in ya gano na yi masa ƙarya zai yi fushi, kuma na shirya wa fushin. Ban shirya wa wannan ba.

Ka ce ranar da ka rubuto ma shayi kawai ya sha, kuma zaninsa ya fara yi masa yawa. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Na san bai gani ba.

Jiya aka jawo bututun ƙarshe. Mutane suna ta tafi da ɗaukar hoto, an yanka kek. An naɗe lakar duka an jera a ɗakin sanyi, za a kai ta wata ƙasa a ajiye, masu karatu su yi shekaru suna ɗiba. Shugabarmu ta ce za a sa sunana a takardun da za a buga. Na ce na gode. Tilak ya tambaye ni ko zan dawo irin wannan tafiya in an sake kira, na ce ban sani ba.

Ranar biyu ga wata za mu sauka Colombo, ranar huɗu ina Dhaka, daga tasha kai tsaye zan zo Sirajganj. Kada ka zo tarye na, ka zauna da shi. Ka ce wa Bhabi kada ta wahalar da kanta da girki. Zan zauna kusa da kujerarsa ta wajen kunnen da ke ji, in faɗa masa da bakina, ko da na san abin da zai ce. Zai dafa kaina ya sa mini albarka, ya juya ya ci gaba da kallon bango.

Maganar da ka faɗa mini rannan, wadda na yi maka faɗa a kanta, na janye faɗan. Tun ina yarinya nake so Abba ya ɗauki maganata sau ɗaya a kan tasa. Ya ɗauka, kuma ba zai mayar mini ba.

Ka yi mini addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka mai neman gafararku,
Ferdousi